Malam Mai Dish

Tun ranar da na sayi motar nan idona ya faɗa kan maɓallin. Camry ce, irin wadda 'yan mota ke kira Masul, 'yar Amurka, ta sha teku ta sha hanya kafin ta zo hannuna, ni malamin makaranta da na shekara huɗu ina zubin adashi dominta. A jikin rediyonta akwai wani maɓalli da aka rubuta wa AM, sai ɗigo, sai SAT. Na tambayi dillali mene ne SAT. Ya yi mini irin kallon da ake yi wa wanda ya tsinci dami a kala.

"Malam, ai wannan shi ne kuɗin motar. Rediyon tauraron ɗan'adam ke nan. Daga sama kai tsaye, ba shuuu ba ƙara. Ka ga baƙin ƙululun can a kan rufi? Eriyarsa ce."

"To ya na danna bai yi magana ba?"

"Saiti ne kawai. Kowane mai wayarin zai yi maka."

Na biya. Na kamo hanyar Karfi, na ratsa Bunkure, FM na tashi garau, na shiga Rano, garin Autan Bawo, ana kiran magariba, ina jin kaina kamar hakimi ranar hawan sallah.

Washegari da sassafe na fito wanki. A gilashin baya, ta ciki, daga sama, Baturen da ya fara hawan motar ya manna wata sitika mai hoton kare da harshe a waje. Uwargida ta leƙo ta gani.

"Malam, kare? A motar da za a riƙa ɗaukar Kawu zuwa masallacin Juma'a?"

Na aiki yaro ya sayo reza sabuwa. Na durƙusa a kujerar baya na kankare karen nan tas, na bi gefe da gefe na haɗa da duk abin da reza ta samu a wajen, har sai da gilashi ya yi ƙal. Ni mutum ne da idan na kama aiki ba na barin saura.

A Rano nake zaune, a Kibiya nake koyarwa, kullum ina kan wannan hanya safe da yamma. Wanda bai san ɗakin malamai ba ba zai gane matsayin rediyo a wurinmu ba. Tun da BBC ta fara magana da Hausa a 1957, Jamus ta biyo a 1963, Amurka a 1979, Faransa ta zo daga baya a 2007, Bahaushe bai sake yarda wani ya riga shi jin labari ba. A ɗakin malamanmu wanda bai ji labaran safe ba sai dai ya yi shiru ya kama makin jarrabawa. Shekara da shekaru ina kan babur, iska kawai nake ji, in na iso sai in tarar an gama raba duniya ba ni. Burina da mota, bayan tsira daga ƙura, shi ne in shigo da labari da zafinsa.

Sai rediyo ya ce bai san zancen ba. In na murɗa 99.5, Freedom ta yi kalma uku sai shuuu, kamar an zuba ruwa a mai mai zafi. Sauran tashoshin Kano ma haka. Na koma AM neman Rediyon Kaduna a 594, lamba ta yi tsalle daga 590 zuwa 600, ta ƙi tsayawa a tsakani, mai labarai na magana kamar an toshe masa hanci. Ranar wata Lahadi Pillars na wasa, na faka a ƙofar gida na rufe gilashi. Mai sharhi ya ɗaga murya, ɗan wasa ya yanke ɗaya, ya yanke biyu, ya shiga da'ira, ya ɗaga ƙafa, shuuu. Da murya ta dawo tallan maganin basir ake yi. Sai da na buga wa ƙanena waya a Kano kafin na san ƙwallon waje ta yi.

Na ɗora laifin a kan duwatsu. Duk wanda ya san Rano ya san duwatsunta, kuma na taɓa jin cewa FM kamar hasken tocila yake, ba ya ratsa dutse, ba ya shan kwana. Na ce to, tunda ƙasa ta ƙi, sai sama. Ga maɓalli nan na biya kuɗinsa.

Kawu ne ya ƙara zuga ni, ba da niyya ba. Ya yi ritaya daga aikin noman rani a Kadawa, kuma a ɗakinsa akwai wani akwatin Hitachi da ba ya barin jika ya taɓa. Da na kai masa kuka sai ya sa aka sauko da shi, ya goge ƙura da hannun riga.

"Kai yaro, rediyon tauraro ai mun ji shi kafin ka san kanka. WorldSpace ke nan. Wani mutumin Habasha ne, Noah Samara, ya kafa kamfanin, suka harba tauraronsu AfriStar a 1998, ya zo ya tsaya kusan saitin kanmu. Ka ga wannan mai kama da murfin kwano? Sai in ajiye shi a kan katanga ya kalli sama. BBC ta shigo kamar mutumin yana zaune a tabarmar nan."

Ya ci gaba da cewa kamfanin ya karye a 2008, ba a jima ba ɓangaren tauraron ya yi shiru, yanzu gajeren zango kawai yake kamawa da akwatin. Wannan rabin bai shiga kunnena ba. Abin da na ɗauka na tafi da shi shi ne mutumin da ke zaune a tabarma.

Na fara da mai wayarin na garinmu, wanda kowa ke kira Injiniya. Ya zauna a kujerar direba, ya danna SAT, allon ya rubuta da Turanci cewa babu sigina. Ya danna sau uku, ya girgiza kai irin na likitan da ya gano cuta.

"Yallaɓai, siginar tana nan, ƙarfi ne babu. Sifikun nan na Turawa ne, ba su saba da zafinmu ba. Amfilifaya za a sa, da ufa."

Yaron shagonsa, wani siriri da bai wuce shekara goma sha huɗu ba, yana tsaye a bayan mota yana leƙe. Ya ce, "Oga, gilashin bayan nan..." Injiniya ya daka masa tsawa ya kawo sukundireba. Ni ma na harare shi, don na zaci wankina yake rainawa.

Kwana biyu motar ta yi a shago. Ufa ta cinye rabin but, wurin da na tanada domin buhun masara. Da aka kunna, gaskiya an samu canji. Shuuu ɗin da a da ni kaɗai nake ji, yanzu har masu shayi a bakin tasha suna ji. Sannan aka samu ƙarin baƙo, wani siririn kuka kamar sauro ya samu lasifika. In na taka totur ya hau sama, in na saki ya sauko, in na canja giya ya canja murya. Daga Rano zuwa Kibiya ba na bukatar duba allon gudu, kunne ya ishe ni. Uwargida ta shiga sau ɗaya za mu gidan suna, murfin kular abincin da ke cinyarta ya kama rawa da kansa. A rana ta huɗu na manta ban kashe amfilifaya ba, da asuba batir ya ce ga garinku nan, ɗalibaina biyu da ke unguwarmu suka tura ni har bakin titi. An sayar da kare an sayi biri.

Wani ya ba ni shawarar ɗan abin nan da ake soka wa a ramin kunna sigari a sa masa memori. Na saya. Yana aiki, amma memori ba ya kawo labarai, waƙoƙin da mai shagon caji ya tura mini ne kawai suke zagayowa, kuma sauron yana raka su.

Ana haka na haɗu da mai saita dish, wani matashi da ke yawo da ƙaramar talabijin rataye a wuya. Shi ne mutum na farko da ya faɗa mini gaskiya, sai dai gaskiyar ce ta kai ni ta baro. Ya ce kowace risiba ta gida, bayan tashoshin kallo, tana ɗauke da tashoshin rediyo, mutane ne ba sa dubawa. Ya nuna mini a shagonsa, ya danna wani maɓalli a rimot, hoto ya ɗauke, murya ta fito tsaf. Na ji tsigar jikina ta tashi.

"Za a iya sa wannan a mota?"

Ya yi shiru, ya dubi motar, ya dube ni, ya dubi aljihun rigata.

"Malam, ai babu abin da ba a iyawa."

Mai walda ya ƙera kariya a kan rufi. Aka ɗora dish mai faɗin santimita 90, aka ja waya ta tagar baya, aka sa inbata ƙarƙashin kujera, risiba a kan dashbod, aka haɗa ta da amfilifayar Injiniya. Ranar Alhamis da la'asar a ƙofar gidana, yara sun kewaye mu, matashin ya hau kan but yana juya dish a hankali kamar mai tankaɗe, idonsa a kan talabijin ɗin wuyansa. Koren layi ya motsa, ya ja baya, ya dawo, ya cika. Sai ƙira'a ta tashi daga wata tashar Larabawa, da injin mota a kashe, ba sauro ba shuuu, har numfashin mai karatun ana ji. Wallahi sai da idona ya kawo ruwa. Na aika a kira Kawu.

Kawu ya zo da sandarsa, ya saurara daga waje, ya gyaɗa kai. Na buɗe masa ƙofar baya don ya ji daɗin abin sosai. Kawu mutum ne mai jiki, Allah ya ƙara lafiya. Yana zama motar ta ɗan nutsa ta ɓangarensa, ƙira'a ta ɗauke ɗif.

"Me ya faru?"

"Kawu, ɗan matsa tsakiya."

Ya matsa, ta dawo. Ya jingina, ta tafi. Mai dish ya yi mana bayani cewa tauraron yana sama da nisan kusan kilomita 36,000, saboda haka in dish ya kauce da faɗin yatsa a nan, a can ya kauce da faɗin ƙasa guda. Kawu ya ƙarasa sauraro a zaune tsam a tsakiyar kujera, hannuwa a gwiwa, kamar mai ɗaukar hoton fasfo. Da ya yi atishawa sai da aka sake saiti.

A kwana biyun da suka biyo baya na gane sharuɗɗan sabon rediyona. Ba ya aiki in mota na tafiya. Ba ya aiki a ƙarƙashin darbejiyar da nake fakawa, sai a tsakiyar rana. Ba ya aiki in akuyar maƙwabta ta zo sosa jiki a bamba. Kuma babu Pillars a cikinsa, babu shirin Inda Ranka. Na mallaki rediyon mota wanda sharaɗinsa na farko shi ne kada motar ta motsa.

Mai dish ya gargaɗe ni in kwance shi kafin in hau titi. Ranar Asabar muna da ɗaurin aure a Kibiya ƙarfe sha ɗaya, na tashi a makare, sifana mai lamba goma ta ɓata, Kawu na zaune a gaba da babbar riga yana duba agogo. Na ce tafiyar ba nisa, a hankali za mu je.

Dish ɗin yana kallon gaba, ya buɗe baki yana kamfatar iska. Na taka totur har ƙasa motar ta ƙi wuce arba'in, rufi na kuka, sauro na kuka, allurar mai na sauka ina kallo. Masu babur suna wuce mu suna waiwaye. A wani shinge mai kaki ya tsayar da mu, ya zagaya motar sau biyu, ya gyara hularsa ya tambaya daga wane gidan talabijin muke. Kafin in buɗe baki Kawu ya ce, "Daga gidan wahala." Mutumin ya yi dariya har ya manta bai tambayi takardu ba, wannan ce riba ɗaya tak da dish ya taɓa kawo mini.

Muna shiga Kibiya yara suka biyo mu da gudu suna ihun za a nuna ƙwallo. Wani tsoho a gindin bishiya ya miƙe yana murna, wai majigi ya dawo. A ƙofar gidan ɗaurin aure dangin ango suka buɗe mana hanya har gaban tabarmar manya, don labari ya riga mu isa cewa an ɗauko masu watsa biki kai tsaye. Maroƙi ya saki ango ya kamo ni, mai mota da faifai, mai magana da sama ba tsani. Sai da na ba shi ɗari biyar don ya yi shiru, ya ɗauka ta yabo ce ya ƙara murya. Ɗalibaina kuwa suna gefe a tsaye, sun haɗa kai suna ƙus-ƙus, na san Litinin ba za ta yi mini daɗi ba.

A hanyar dawowa haushi ya sa na matsa wa motar. Mun baro gari kaɗan wata tifa ta taho daga gaba a guje, iskarta ta doke mu. Na ji ƙarau a sama, motar ta yi wani sauƙi ta zabura kamar an sauke wa jaki kaya. A madubi na hango dish ɗina yana juyi a sararin sama, rana na walƙiya a cikinsa, wayar na binsa kamar jela, ya tsallake kwalbati ya sauka cikin gonar dawa. Kawu bai ko juya ba.

"To, ga shi can ya tafi neman tauraron da kansa."

Mai gonar ne ya fito mana da shi a ka. Ya ƙirga karan da ya karye ɗaya bayan ɗaya a gabana, goma sha bakwai, muka daidaita.

Ranar Litinin na tarar an zana mota da faifai a allon aji uku. A ɗakin malamai kuwa malamin labarin ƙasa, wanda ya yi shiru duk tsawon makonnin nan yana kallona, ya sauko da ƙwallon taswirar duniya daga kan kabad ya hure ƙura. Ya ce tun farko da na tambaye shi da ya hutar da ni. Maɓallin SAT na kamfanin XM ne na Amurka, wanda ya harba taurarinsa biyu a 2001, ya sa musu suna Rock da Roll, daga baya a 2008 ya haɗe da abokin hamayyarsa Sirius. Ya ɗora yatsa a kan Kano, ya ce mu muna wajen digiri 8 da rabi gabas. Ya zagaya da ɗaya hannun can bayan ƙwallon, ya ce an kafa taurarin a digiri 85 da 115 yamma, saitin nahiyar Amurka, kuma duk tauraro irin wannan da ya yi maka nisan fiye da digiri 81 ya faɗa ƙasan inda rana ke faɗuwa.

"Wato ba a samanka yake ba, Malam. Doron duniya ne ya shiga tsakaninku. Sai dai ka juya eriyarka yamma, ka sunkuyar da ita ƙasa, ka roƙi Tekun Atlantika ya matsa. In ya matsa kuma akwai kuɗin wata, da dala."

Shi ne kuma ya warware mini zancen Kaduna. Rediyon motar Amurka a AM goma-goma yake tsalle, tashoshinmu na nan kuwa tara-tara aka jera su, shi ya sa 594 ba ta da wurin zama a motata. Malamin lissafi ya ɗauki alli zai haɗa jimillar abin da na kashe, na ce ya bari. Ya haɗa a zuci ya ce tunkiya biyu da ɗan canji.

Na yanke shawarar a cire ufa in sayar in rage asara. Na je shagon Injiniya na tarar ya tafi ta'aziyya, sai yaron nan siriri shi kaɗai yana cin gyaɗa. Ya buɗe but, ya dubi wayar at ɗin amfilifaya, wadda ke haɗa ta da ƙarfen jikin mota, ya ga an ɗaure ta a kan fenti. Ya kwance, ya goge wurin da samfefa har ƙarfe ya fito fari, ya mayar ya ɗaure tamau. Ya ce in tayar. Na tayar, na taka totur. Sauro ya mutu.

Sannan ya shiga kujerar baya ya durƙusa daidai inda na taɓa durƙusawa.

"Baba, wa ya kankare nan?"

"Me ya faru?"

"Layukan nan na ƙasa na korar raɓa ne. Na saman nan kuwa su ne eriyar rediyo, a jikin gilashi ake yin ta a irin wannan motar. Ga shi an yanke su duka. Kamar da reza."

Na ce wataƙila a jirgin ruwa ne. Ya dube ni, ya dubi gilashin da ke ƙyalli a wuri ɗaya tak, siffar kan kare da kunnuwansa, bai ce komai ba. Yaron yana da tarbiyya.

Ya shiga shago ya fito da eriyar bulala irin ta tsofaffin tasi, ya ɗaure ta a gefen but, ya ja wayarta zuwa bayan rediyo. Minti ashirin. Ya ce dubu biyu da ɗari biyar, har da kuɗin eriyar. Na ba shi uku, ya bi ni da canji.

Da yammar Talata na taso daga Kibiya na murɗa FM. Murya ta cika motar, garau, sai a wata kwana guda da dutse ke tare hanya ta ɗan yi shuuu ta dawo, don duwatsun ma a ba su haƙƙinsu. Shirin gaishe-gaishe ake yi, masu saurare na bugo waya. Na jingina, na saki hannu ɗaya a taga, ina jin daɗin duniya. Sai wani ya bugo ya ce daga Kibiya yake, yana gaida mahaifiyarsa, da 'yan majalisar bakin kasuwa, da dukan 'yan aji uku, sannan gaisuwa ta musamman ga Malam Mai Dish, da fatan an samu sigina. Mai gabatarwa ya tambaya wane ne haka, yaron ya fara ba da labari tun daga shinge. Ban taɓa jin rediyo ya fita tsaf irin na wannan rana ba, kowane harafi da ufarsa.

Na iso gida na tarar uwargida ma ta ji a nata ɗan rediyon na kicin. Dish ɗin yana kan rufin ɗakin girki, ya ɗan lotsa ta gefe, an shanya yankakken tumatir a ciki. Ta ce ba ta taɓa samun abin da ke busar da kauɗa da sauri irinsa ba, kwana biyu ta yi ƙarau, kuma kaji ba sa kaiwa.

"Malam, tumatir ya yi araha a Bunkure bana. In za ka sake gyaran rediyo, don Allah ka sayo babban."